Shekarar Da Rijiyar Masallaci Ta Rufta

Ranar da Labaran ya fara yin sallama a zauren Malam Shitu na Rafin Marke, wallahi ba neman aure ne ya kai shi ba. Aiki ne ya kai shi, a kan keke, da wani ƙaton littafi ɗaure a baya, da fensir maƙale a kunne kamar da shi aka haife shi.

Shekarar 1956 ce. Labaran ɗan Bebeji ne, an turo shi Tudun Wada yana zagaya ƙauyuka. Tsofaffin malamai sun daɗe suna rubuta haihuwar yaran garinsu da ajami, kowa yadda bakinsa ya faɗa masa. To, sai aka kawo sabuwar rajista mai layi-layi, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa. Gurbin suna, suna. Gurbin shekara, lamba huɗu, ba zance. Gurbin "yana raye", e ko a'a. Aikin Labaran shi ne ya mai da zancen tsofaffi lamba.

"Allah gafarta Malam, takardunka na zo a karanta mini," in ji shi bayan sun gaisa.

Malam Shitu ya yi murmushi. "Ɗana, yanar ido ta rufe mini gani shekara uku ke nan. Amma ina da wasu idanun." Ya ɗaga murya. "Maijidda! Kawo gafakar nan."

Ta fito da gafaka a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a bakin ƙofar ciki. Labaran ya amsa gaisuwar, ya kai hannu kunne zai ciro fensir, fensir ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Kai, ranar dai fensirin nan ya sha ƙasa.

Ta fara karatu a hankali. "An haifa wa Umaru maƙeri 'ya mace, Furera, shekarar da aka naɗa sabon dagaci."

Labaran ya duba wata 'yar takarda da ya jera manyan abubuwan da suka faru a ƙasar, kowanne da shekararsa. Ya rubuta 1941.

"Duk maganar nan ta koma 'yan ƙugiyoyi huɗu?" Maijidda ta tambaya.

"Ai shi ne aikin. Zance ba ya jeruwa, lamba kuwa tana jeruwa. In an ce a fitar da yaran da suka isa makaranta, da lamba za a fitar da su, ba da naɗin dagaci ba."

Ta jinjina kai, ta ci gaba. Da suka zo kan wani Tanko, Labaran ya tambaya ko yana raye. Ta ce Baba ya rubuta a gefe cewa ya tafi cin rani bai dawo ba.

"To, a'a ke nan."

"Haba Malam! Ka kashe mutum da fensir? Uwarsa har yau tana ajiye masa tabarma."

"To, e."

"Ka gan shi ne?"

Malam Shitu ya yi dariya har da tari. Labaran ya bar gurbin ba komai, amma ransa bai so ba. Shi mutum ne mai son ya ga shafi ya cika fal, ba rami ko ɗaya, ya ɗaga shi ya kalla yana jin daɗi.

A rana ta uku suka zo kan yayan Maijidda. Ta karanta, "An haifa mini ɗa namiji, Sale, da damina, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta."

Labaran ya duba takardarsa sama da ƙasa, babu rijiya. Ya tambayi Malam, Malam ya ce shi dai ya san ta rufta, kuma da rani masu siminti suka zo suka sake ta, amma shekarun Bature bai taɓa riƙe su ba.

"Bar gurbin, Malam," in ji Maijidda. "Kamar na Tanko."

A daidai lokacin Sale ya shigo da fartanya a kafaɗa, ɗan siriri, gajere, ko gemu bai tara ba. Labaran ya dube shi sau ɗaya.

"Wannan ai sa'ana ne," ya ce. Ya rubuta shekarar haihuwarsa shi kansa, 1933, ya bi da tawada.

"Ka sani ne, ko ka zata?"

"Ido ma ai ma'auni ne."

Ita ba ta saba musu da baƙo ba, balle baƙon da zuciyarta ta fara tsalle in ta ji ƙararrawar kekensa.

Aikin kwana biyar sai da ya ci mako uku. Kullum Labaran na da abin da ya manta. Kafin a gama, ya koya mata lambobin boko daga sifili har tara a ƙasan zaure, ita kuma ta sa masa suna Sarkin Gurabe. Shi yana ce mata Idon Baba, daga baya ya rage ya koma Idona, ranar da Malam ya fita alwala.

Da ya koma Tudun Wada, sai wasiƙu. Maikano direban lori, wanda ke bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Doguwa duk mako, shi ne gidan wayarsu. Ta farko ta ce:

"Zuwa ga Idona. Gaisuwa da fatan alheri. Na gama ƙauye huɗu, amma ko'ina muryar mai karatun ba ta yi mini daɗi. Jiya na buɗe shafinku, na tarar an rubuta e a gurbinki. Ban taɓa jin daɗin wata e irin wannan ba. Akwai wata tambayar da nake so ki ba ni irin amsar. Naki, Labaran."

Amsa ta dawo da ajami, a ninke cikin ganyen kalgo:

"Zuwa ga Sarkin Gurabe. Na ga saƙo. Wannan gurbin ba ni ke cika shi ba, Baba ne. Amma in ya tambaye ni, ba zan ce masa ka tafi cin rani ba. Ka riƙa cin abinci. Maijidda."

Labaran ya karanta ta har ganyen ya bushe a aljihunsa.

Bayan kaka, mahaifinsa Malam Isa ya taso daga Bebeji da mutum biyu, da goro, neman aure. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa, magana ta fara daɗi. Sai Goggo Dije, yayar Malam Shitu, ta leƙo don ta ga surukai. Ta tsaya ta ƙura wa Malam Isa ido.

"Bawan Allah, ba kai ne Isa mai jakuna ba? Mai fataucin kanwa zuwa Doguwa?"

"Ni ne, Goggo, a da can."

"La ilaha illallahu! Ai a gidan nan kuka sauka da damina, matarka zazzaɓi ya kwantar da ita, nononta ya ɗauke. Marigayiya Halima, uwar Maijidda, ita ta shayar da jaririnku kusan wata guda, shi a ɗaya, Sale a ɗaya. Da idona na gani."

Kowa a wurin ya san hukuncin. Yaron da mace ta shayar ya zama ɗanta, duk 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu har abada.

Malam Shitu ya juya inda ya ji muryar baƙon. "Malam Isa, wane ɗan ne?"

Malam Isa ya riƙe haɓa. 'Ya'yansa maza biyu ne a jere, Mudi da Labaran, shekara uku tsakaninsu, kuma duk biyun an goya su a kan hanyar fatauci. Uwarsu ta rasu. Goggo Dije kuwa ta ce ita jariri ta sani, ba ta riƙe suna ba.

"Wallahi na san an yi haka," in ji Malam Isa. "Amma in na ce wannan ne ko wancan, na yi ƙarya."

Sai ɗaya daga cikin dattawan ya kawo shawara. Tunda tare da Sale aka shayar da yaron, ai sai a duba shekarar Sale a littafin hukuma, a ga wanda ya yi daidai da shi. Aka aika Tudun Wada. Labaran ya zo da rajista da kansa, yana murna za a kashe magana. Ya buɗe shafin, ya kai yatsa kan sunan Sale, sai yatsan ya tsaya.

"Karanta mana," in ji Malam Shitu.

"Alif ɗari tara da talatin da uku."

"Kai fa, taka shekarar?"

Labaran ya ce, "Ita ce. Amma Allah gafarta Malam, wannan lambar ni na sa ta. Zato na yi. Kallon Sale kawai na yi na rubuta."

Dattijon nan ya girgiza kai. "Yaro, jiya littafin gaskiya ne, yau da ya taɓa ka ya zama zato?"

Ba wanda ya zarge shi da mugunta, amma ba wanda ya yarda. Lamba ce a littafin hukuma, da tawada, cikin layi. Wa zai kalle ta ya ce shaci-faɗi ce? Malam Shitu ya ce shi yana ƙaunar yaron nan har zuciyarsa, amma ba zai ɗaura aure a kan shakka ba. Aka mai da goro cikin huhunsa.

Kada in ja ku, Labaran ya rame. Ya koma Rafin Marke sau biyu yana bin tsofaffi gida-gida yana tambayar shekarar rijiya. Wani ya ce kafin a haifi 'yarsa ta biyu ne, wani ya ce bayan mutuwar jan sansa. Zance dai, zance kan zance, ba lamba ko ɗaya. Ya rubuta mata:

"Maijidda. Ban san da sunan da zan kira ki ba yanzu, shi ya sa na rubuta na yanka. Kin ce in bar gurbin, na ƙi. Da hannuna na rufe ƙofar nan. In ta tabbata ke ƙanwata ce, zan karɓi hukuncin Allah, amma ina roƙonsa kada ya zama ƙaryata ce ta raba mu. Ki yafe mini. Labaran."

Ta karanta, ta yi kuka mai isarta, ba ta ba da amsa ba. Me za ta ce? Maikano ya zo mako biyu yana tsayar da lori a bakin hanya yana jira, ya tafi hannu wofi yana tsaki.

Ran wata Talata da hantsi Maijidda ta je rijiyar masallaci ɗiban ruwa. Tun tana yarinya a wuri ɗaya take dafa ƙafa in za ta ja guga, inda simintin yake da ɗan kaushi, ba ya santsi. Ranar igiya ta kuɓuce mata, ta sunkuya ta kamo, idonta ya sauka a wurin. Gansakuka ta rufe shi, amma akwai wani zane da ya miƙe tsaye, kusa da shi kuma wani mai kai kamar ludayi.

Sama da shekara goma tana taka zanen nan tana ɗauka kaushin siminti ne, don a da ba ta san lambar boko ba. Ta tsinci katangar fasasshen tulu, ta durƙusa ta hau kankara. Matan da ke wurin suka ce Maijidda lafiya? Ba ta ko ɗago ba. Ta kwara ruwan guga, ta goge da gefen zanenta.

Ɗaya. Tara. Uku. Ɗaya.

Ta bar tulun a nan ta ruga gida.

"Baba! Masu simintin nan, yaushe suka zo? Ranin da ya biyo bayan ruftawar, ko an jima?"

"Ranin nan ne, 'yata. Ai ba mu iya jira ba, daga rafi ake ɗebo ruwa. Kowa a garin nan ya sani."

"To sun rubuta shekara a bakin rijiya tun simintin yana ɗanye. Talatin da ɗaya. Ke nan da daminar talatin ta rufta. Baba, Yaya Sale ɗan talatin ne, ba talatin da uku ba!"

Malam Shitu ya ce a kama hannunsa a kai shi. Ya durƙusa a bakin rijiyar, ya bi zanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, aka kira malamin yaƙi da jahilci ya karanta a gaban jama'a, ya faɗi abin da ta faɗa.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Amma rabi ne. An san ta Sale. Ta shi yaron fa? In ya zaci ta wani, wa ya sani ko tasa ma zata masa aka yi a makaranta?"

Ranar Maikano ya samu wasiƙa, har ya yi wa lorinsa kirari.

"Zuwa ga Sarkin Gurabe. Rijiya ta ba da tata lambar, 1931, kuma da kaina na karanta, da karatun da ka koya mini. Yaya Sale ɗan 1930 ne. Saura taka. Baba ya ce ba ya son ta baki, ba ya son ta ido. Ka nemo abin da za a taɓa da hannu. Kada ka zata, don Allah. Idonka."

Labaran bai jira lori ya juyo ba. Ya hau keke tun da sassafe, ya bi ta Kwanar Dangora, ya ratsa Kiru, ya isa Bebeji. Ya faɗi gaban mahaifinsa.

"Baba, me ya faru a shekarar da aka haife ni? Kowane abu, komai ƙanƙantarsa."

Malam Isa ya yi tunani. "Da azumi aka haife ka, shi ya sa kake Labaran. Ranar sunanka kuwa ba na mantawa, don ranar na fara shigowa gari a kan keke, na faɗa cikin kwandon mai tumatir a gaban 'yan suna. Har yau abokaina suna yi mini tsiya da shi."

"Keken yana ina?"

"Wane keke? Ya mutu tun tuni." Sai ya tuna. "Amma lambar lasisinsa ta farko, mai ɗauke da shekara, wadda aka ɗaura masa a makon, tana cikin adakar uwarku. Ita ta ajiye, wai abin tunawa da faɗuwata."

Aka jawo adaka. Ƙarƙashin tsofaffin zannuwa ga ɗan ƙarfe kamar marfin gwangwani, ya yi tsatsa. Labaran ya goge shi da toka, ya riga ya yi wa kansa alkawari duk abin da ya gani shi zai kai. Lambobin suka fito: 1933.

Ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Yayansa Mudi, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ƙirga da yatsu, ya cire uku, sai ya kwashe da dariya.

"Af! Ashe ni ne na sha! Shi ya sa na fi ka ƙiba."

Aka sake shimfiɗa tabarmi a zauren Rafin Marke. Aka sa wa Malam Shitu ɗan ƙarfen a tafin hannu, abokan Malam Isa biyu suka ba da shaidar keke da kwandon tumatir, liman ya saurari kowa. Ya ce lokacin da aka yi shayarwar ba a ko haifi Labaran ba. Mudi ne ɗan Halima ta nono, hukuncin a kansa ya tsaya, bai shafi ƙanensa ba.

Goggo Dije ta rangaɗa guɗa tun ba a ba ta izini ba, sannan ta fashe da kuka. "Wata biyu ba na iya haɗa ido da yarinyar nan. Na ce bakina ya kashe mata aure."

"Gaskiya kika faɗa, Goggo," in ji Labaran. "Ni ne na rubuta abin da ban sani ba."

A nan gaban kowa ya buɗe rajista, ya ja layi ɗaya a kan 1933 na Sale yadda za a iya ganin kuskuren, ya rubuta 1930 a sama. A gefen shafi kuma ya rubuta maganar Malam yadda take, da inda aka samo lambar. Daga baya sai da ya bi ƙauyukan nan duka, ya goge duk wata shekara da ya sa da ido, ya bar guraben a buɗe. Shafukansa suka yi ramuka, ba su ƙara kyan gani ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Da la'asar aka bar su su gaisa a bakin zaure.

"Idona," ya ce a hankali, kamar mai gwada ko sunan zai karye.

"Na'am, Sarkin Gurabe." Hawaye na zuba, tana murmushi. "Ka rame."

"Ke ma."

"Ni aikin kankare rijiya ne ya ramar da ni."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Maikano ya kawo 'yan Bebeji a lori kyauta. Mudi kuwa ya rasa gefen da zai zauna, ya ce shi yayan ango ne kuma yayan amarya, saboda haka tuwo biyu za a ba shi. Ya ja Labaran gefe ya gargaɗe shi cewa in ya ɓata wa ƙanwarsa rai, da shi zai gamu.

Kafin a tafi da amarya, Malam Shitu ya sa aka kawo gafaka. Ya dafa kan 'yarsa, ya dafa na angon.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a mai faɗin abin da ta sani, ta yi shiru a kan abin da ba ta sani ba. Maijidda, rubuta mini na ƙarshe kafin idanuna su koma Tudun Wada. Rubuta: an ɗaura auren 'yata shekarar da aka wanke bakin rijiya."

Ta rubuta da ajami, hannunta da lalle. Sannan ta miƙa wa mijinta alƙalamin.

"Sa lambar a gefe, Malam. Wannan dai ka sani, ko?"

"Wannan na sani," in ji Labaran. Ya rubuta 1956, jama'a suka shafa fatiha.